Sarkin Ƙofa A Cikin Kwamfuta: Darasin Da Ya Kamata Matasan Haɗejiya Su Naƙalta

A ranar 25 ga watan Agusta na shekarar 1991 wani ɗalibin jami'a a birnin Helsinki na ƙasar Finland, mai suna Linus Torvalds, ya sanar da cewa yana ƙera wata manhajar sarrafa kwamfuta wadda zai bari kowa ya duba cikinta. Kwana biyu bayan haka, a ranar 27 ga watan, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanko Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano. Ke nan Linux da Jigawa sa'o'in juna ne. A yau Linux ce ke ɗauke da akasarin manyan na'urorin da intanet ta dogara a kansu, kuma tun daga watan Nuwamba na 2017 duk kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki. Wayar Android da ke aljihun mai sayar da kifi a kasuwar Haɗejiya ma a kan ginshiƙinta aka gina ta.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne yadda rayuwar mutanen ƙasar Haɗejiya take ƙaura daga takarda zuwa na'ura. Sakamakon jarrabawar ɗalibi, da sunan manomin da zai karɓi taki da iri a kan rangwame, da jerin magidantan da ambaliya ta cinye wa gida da gona, da katin mara lafiya a asibiti, duk sun kama hanyar shiga kwamfuta. A farkon 2023 aka buɗe aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a Auyo bayan an gyara shi, a ƙarshen shekarar kuma aka ƙaddamar da shirin noman alkama na ƙasa a wannan yanki. Irin waɗannan shirye-shirye ba sa tafiya sai da rajista, rajista kuwa dukiya ce. Wanda ya iya shiga ya goge suna ɗaya ya sa wani, ya kwashe rabon talaka ba tare da ya fasa ƙofar sito ba. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: wa yake tsaron ƙofar da ake bi a kai ga waɗannan bayanai, kuma mutum nawa ne a cikinmu suka san yadda ake ɗaura mata sakata?

Yadda aka samo sarkin ƙofa

Garuruwanmu masu ganuwa, ciki har da Haɗejiya, sun daɗe da sanin cewa tsayin katanga ba ya wadatarwa idan ƙofa ba ta da mai ita. Shi ya sa ake naɗa wanda zai zauna a bakinta, ya san ɗan gari, ya tambayi baƙo daga ina kuma wurin wa, ya rufe idan dare ya yi. Kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita tana da ƙofofi fiye da na kowane birni. Akwai ƙofar wanda ya zauna a gabanta ya buga sunansa, akwai ta wanda ya shigo daga nesa ta hanyar intanet, akwai ta ma'aikacin da ke neman a ara masa ikon shugaba na ɗan lokaci, akwai kuma ta mai son canza kalmar sirrinsa.

A da can, a tsarin Unix wanda Linux ta gaji ɗabi'unsa, kowace manhaja ita ke tsaron ƙofarta da kanta. Idan hukuma ta so ta sauya hanyar tantance mutane, alal misali ta ƙara kati a kan kalmar sirri, sai an bi manhajojin ɗaya bayan ɗaya an sake rubuta su. A shekarar 1995 injiniyoyin kamfanin Sun Microsystems na Amurka suka gabatar da mafita, wadda aka sani da gajeren suna PAM. Ma'anarta ita ce gutsattsarin manhajar tantancewa da ake iya cirewa a maye gurbinsu, kamar yadda ake sauya kwado a jikin ƙofa ba tare da an rushe ɗaki ba. A shekarar da ta biyo baya kamfanin Red Hat ya shigar da tsarin cikin Linux, daga nan ya bazu zuwa Debian da Ubuntu da Fedora da sauransu. Kwamfutocin Apple da tsarin FreeBSD su ma suna amfani da wani ɗan'uwansa.

Hikimar abin mai sauƙi ce. Manhajar da mutum ya ƙwanƙwasa ba ta yanke hukunci da kanta. Sai ta juya ga PAM ta ce ga wane yana sallama, a bar shi ko a hana shi? PAM kuma sai ya buɗe takardar ƙa'idar da mai kula da na'urar ya rubuta wa wannan ƙofa, ya bi ta layi bayan layi. Waɗannan takardu suna zaune ne a jakar da ake kira /etc/pam.d, kowace ƙofa da fayil ɗinta: login na mai zama a gaban na'ura, sshd na mai shigowa daga nesa, sudo na mai aron iko, passwd na mai canza kalmar sirri. Rubutu ne tsagwaronsa, wanda duk mai iko zai iya buɗewa ya karanta. A nan darasin yake farawa.

Tambayoyi huɗu a bakin ƙofa

Kowane layi a cikin waɗannan fayiloli yana faɗin abubuwa uku: irin tambayar da za a yi, da nauyin amsar, da sunan mai gadin da zai yi tambayar. Wani lokaci akan ƙara masa wasu sharuɗɗa a ƙarshe.

Tambayoyin iri huɗu ne. Ta farko, mai lakabin auth, ita ce: kai ne kuwa wanda kake cewa kai ne? A nan ake neman kalmar sirri ko zanen yatsa ko lambar da waya ta bayar. Ta biyu, account, tana cewa: mun yarda kai ne, to amma kana da izinin shiga yanzu? Wataƙila wa'adin aikinka ya ƙare, ko an hana shiga a wannan sa'a, ko daga wannan wuri. Ta uku, password, ta shafi sauya kalmar sirri da ingancin sabuwar da aka kawo. Ta huɗu, session, ita ce hidimar da ake yi wa baƙo bayan ya shiga da kuma lokacin fitarsa, wato a rubuta sunansa a kundi, a shimfiɗa masa wurin aikinsa, a ƙayyade masa abin da zai iya ci daga ƙarfin na'ura.

Bambancin tambaya ta farko da ta biyu yana da muhimmanci ƙwarai a ofisoshinmu. Duk shekara matasa masu hidimar ƙasa da ɗalibai masu neman sanin makamar aiki suna zuwa suna tafiya. Ana buɗe musu asusu a kwamfuta ranar da suka zo, ba kasafai ake tuna rufe shi ranar da suka tafi ba. Wanda ya fahimci tambaya ta biyu zai sanya wa asusun ranar mutuwarsa tun ranar haihuwarsa, ta hanyar umarnin chage, sai ƙofa ta rufe kanta ko da kowa ya manta. Akwai kuma wani abu da masu koyo kan yi tuntuɓe da shi. Kulle kalmar sirrin mutum kaɗai ba ya hana shi shigowa daga nesa idan yana riƙe da mabuɗin SSH, domin mai mabuɗi ba a tambayarsa kalmar sirri. Ƙarewar wa'adin asusu ita ce ke tare shi a tambaya ta biyu.

Nauyin amsa da jerin masu gadi

Ɓangaren da ya fi rikitar da ɗalibai shi ne na biyu, wato nauyin amsa, kuma kalmomi huɗu ne ginshiƙansa. Idan aka rubuta required, dole mai gadin ya amince. Idan ya ƙi, an riga an faɗi, amma za a ci gaba da wucewa ta gaban sauran masu gadi kafin a sanar da baƙo, domin kada ya gane a wace gaɓa aka kama shi. Idan aka rubuta requisite, ƙin amincewarsa na nufin a kori baƙo nan take. Idan aka rubuta sufficient, amincewarsa ta wadatar, a buɗe ƙofa ba tare da an tambayi na bayansa ba, muddin wani na dole bai riga ya ƙi ba a gabansa. Idan kuwa shi ne ya ƙi, sai a wuce gaba kamar bai yi magana ba. Ta ƙarshe, optional, ra'ayi ne da ba a cika ɗaukarsa da nauyi ba sai idan babu wani mai gadi a jerin.

Manomin rani a Auyo zai riga ɗalibin birni gane wannan. Ya san ruwa yana bin ƙofofin magudana ne bisa jeri, kuma wanda ya buɗe ta sama kafin lokacinta ya sauya rabon duk waɗanda ke ƙasa. Haka jerin layuka yake a PAM. Akwai mai gadi mai suna pam_permit wanda aikinsa kawai ya ce kowa ya wuce, akwai pam_deny mai cewa kowa ya koma. Idan wani ya ɗora pam_permit a layin farko da nauyin sufficient, to ko jariri ya taɓa madannai zai shiga a matsayin shugaba. Idan kuma ya ɗora pam_deny a sama da nauyin requisite, ya kulle kowa a waje har da kansa. Layi guda ne, kalmomi uku, amma ya isa ya mai da ma'ajiyar jarrabawar makaranta dandalin wasa, ko ya tsayar da aikin asibiti yini guda.

Masu gadin da ya kamata a sani da suna

Babban cikinsu shi ne pam_unix, wanda ke gwada kalmar sirri da abin da ke ajiye a fayil ɗin /etc/shadow. Kalmar kanta ba a ajiye take ba. An niƙe ta ne da lissafi ta zama wani jerin haruffa da ba a iya mayar da shi baya, sai dai a niƙa wadda baƙo ya kawo a ga ko garin ya zo ɗaya. Saboda haka ma'aikacin da ya ce a ba shi kalmar sirrinka don ya gyara maka wani abu, ko dai bai san aikinsa ba ko yana da wata manufa.

Na biyu shi ne pam_faillock, mai ƙirga kuskure. A yadda ya zo, idan aka yi kuskure sau 3 a jere yakan kulle asusu na tsawon minti 10, wanda hakan ke karya gwiwar ɓarawon da ke gwada dubban kalmomi da na'ura. Tsofaffin bayanan da ke yawo a intanet suna koyar da wani mai suna pam_tally2, alhali an cire shi daga Linux-PAM tun a 2020. Ɗalibin da ya kwafo irin wannan layi ya liƙa a sabuwar na'ura yana iya wayar gari ƙofa ta ƙi buɗuwa ga kowa, domin an ce dole a ji ta bakin mai gadin da ba ya nan.

Na uku, pam_pwquality, yana ƙin karɓar kalmar sirri mai rauni. A nan ma akwai ilmin da ya sauya. Shekara da shekaru ana tilasta wa ma'aikata canza kalmar sirri duk bayan 'yan watanni, tare da cusa mata alamomi. A 2017 hukumar NIST mai tsara ma'aunai a Amurka ta ba da shawarar a daina tilasta canjin idan babu alamar an sace kalmar, a fi mai da hankali ga tsawonta da kuma hana sanannun kalmomi. Dalili a fili yake: wanda aka matsa wa yakan rubuta ta a takarda ya manna a jikin allon kwamfuta. Jimla mai tsawo da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, wadda mutum ya ƙaga da kansa, ta fi sunan ɗa da shekarar haihuwarsa ƙarfi nesa ba kusa ba.

Sai pam_time da pam_access, masu ƙayyade lokaci da wurin shigowa. Da su makaranta za ta iya cewa asusun shigar da maki ba ya buɗuwa sai a ranakun aiki, daga safe zuwa la'asar, kuma daga kwamfutocin ofishin jarrabawa kaɗai. Wanda ya saci kalmar sirri ya zo da tsakar dare daga wani gari zai tarar da ita ba ta da amfani.

Abin da fadama ke buƙata

Littattafan da ake koyar da wannan fanni an rubuta su ne a ƙasashen da wuta da sabis ba sa yankewa. Yankinmu yana da nasa hali. A daminar 2020 da ta 2022 ruwa ya mamaye gonaki da hanyoyi a sassa da dama na masarautar Haɗejiya, kuma duk wanda ya san Guri da Kirikasamma da Auyo ya san yadda ciyawar kacalla ke toshe hanyoyin ruwa har ya fantsama cikin ƙauyuka. A irin wannan lokaci ne aka fi buƙatar rajistar masu karɓar agaji, a lokacin ne kuma layin sadarwa ya fi rauni.

Saboda haka tsarin da ya dogara ga saƙon tes don aiko da lambar shiga yana iya hana ma'aikacin gaskiya aiki a ranar da aka fi nemansa. Akwai hanyar da ta fi dacewa, wadda aka daidaita ƙa'idarta a 2011. Waya da kwamfuta sukan riƙe sirri guda, kowaccensu ta haɗa shi da agogo ta fitar da lamba mai alƙaluma 6 da ke sauyawa duk daƙiƙa 30, ba tare da intanet ko layin waya ba. Mai gadin da ke wannan aiki a Linux shi ne pam_google_authenticator, ko takwaransa pam_oath. Sharaɗinsa guda ne, agogon na'urorin biyu ya daidaita. Tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirin cikinta ya mutu takan manta lokaci duk sanda aka ɗauke wuta, sai ta riƙa ƙaryata lambar gaskiya. Batirin da bai fi girman kwabo ba yana iya zama sanadin kulle ofishi.

Haka kuma hukumar da ke da rassa, wadda ke ajiye sunayen ma'aikatanta a babbar na'ura guda a Dutse, tana iya amfani da manhajar SSSD, wadda ke iya riƙe shaidar wanda ya taɓa shiga, ta yadda ma'aikacin reshen Birniwa ko Malam Madori zai ci gaba da aiki ko layi ya yanke. Zaɓi irin wannan sai wanda ya san ƙasar kuma ya san na'urar. Ɗan kwangilar da ya zo daga nesa ya kafa ya tafi ba lallai ne ya yi tunaninsa ba.

Yadda ake koyo ba tare da ɓarna ba

Kayan koyon ba su da tsada. Tsohuwar kwamfuta ta isa, Ubuntu da Debian kuma kyauta ne, babu kuɗin lasisi. Mai koyo ya girka VirtualBox, ya gina kwamfutar gwaji a cikin tasa, ya ɗauki hotonta kafin ya taɓa komai, domin idan ta lalace ya mayar da ita yadda take cikin minti guda. Ya fara da karatu kafin rubutu: ya buɗe common-auth a Ubuntu ko system-auth a dangin Red Hat, ya fassara wa kansa kowane layi da Hausa. Bayanin kowane mai gadi yana cikin na'urar, umarnin man ne ke fito da shi, ba a buƙatar data.

Idan ya zo gyara, akwai ladubba uku. Ya kwafi fayil ɗin asali ya ajiye. Ya bar taga guda a buɗe da ikon shugaba, domin gyaran PAM yana fara aiki ne daga shiga ta gaba, ba ya jiran a kashe na'ura a kunna; ya gwada a taga ta biyu, idan ta ƙi sai ya gyara ta ta farko. Sannan ya sauya abu ɗaya tak a lokaci guda, ya duba kundin shige da fice, wato auth.log ko secure ko abin da journalctl ya nuna, ya ga abin da mai gadi ya rubuta. Ya kuma sani cewa Ubuntu tana da pam-auth-update, Fedora da Red Hat suna da authselect, waɗanda ke rubuta wasu fayilolin da kansu, kuma suna iya share gyaran hannu idan ba a bi ta kansu ba.

Wani zai ce, idan kowa na iya karanta cikin manhaja, ai ɓarawo ma zai karanta. Gaskiya ne. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga ta SSH tana ɗan jinkiri da cin ƙarfin na'ura fiye da ƙima. Da ya bi sawu sai ya gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin manhajar XZ Utils, aikin wani da ya shafe kimanin shekaru biyu yana neman amincewar masu kula da ita. An toshe ta kafin ta kai ga yawancin na'urorin duniya. Buɗaɗɗiyar manhaja tana ba da damar a duba, amma damar ba ta da amfani ga al'ummar da ba ta da masu iya dubawa.

Kira ga makarantu da hukumomi

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure. A yau masarautar Haɗejiya tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a cikin gari, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa wadda aka kafa a 2013. Shugaban hukumar NITDA ta ƙasa da aka naɗa a 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗejiya ne. Tubalin yana nan, saura gini.

A ganina matakai uku ne suka fi gaggawa. Na farko, sassan nazarin kwamfuta su ware makonni na aikin hannu a kan kula da Linux, inda za a ba ɗalibi na'urar da aka lalata wa ƙofa da gangan a ce ya gano cutar ya gyara. Ɗalibin da ya taɓa kulle kansa a ɗakin gwaji ya buɗe ba zai manta darasin ba. Na biyu, kowace ma'aikata da asibiti da makaranta su haramta asusun tarayya, irin wanda mutum goma ke shiga da suna ɗaya. Inda kowa ke da mabuɗi ɗaya, ranar da aka yi ɓarna babu wanda za a tambaya, kuma mai gaskiya ne ke kwana da zargi. Na uku, duk kwangilar kafa na'ura ta ƙunshi sharaɗin horar da ma'aikatan gida da miƙa musu ikon shugaba a rubuce, sannan a sauya mabuɗan ranar da ɗan kwangila ya tafi.

Doka ma ta riga ta iso. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma tanadi tara ga wanda ya yi sakaci. Shugaban makaranta ko sakataren ƙaramar hukuma ba sai ya iya rubuta layin PAM ba, amma ya kamata ya iya tambayar ma'aikacinsa: mutum nawa ke da ikon shugaba a na'urarmu, yaushe aka rufe asusun waɗanda suka bar aiki, kuma ina kundin waɗanda suka shiga a makon jiya? Idan amsa ta gagara, to sunayen manoman Auyo da makin ɗaliban Kafin Hausa suna kwana ne a gidan da ba a san adadin masu mabuɗinsa ba, kuma gyaran hakan bai fi ƙarfin matashin da aka ba tsohuwar kwamfuta da malami mai haƙuri ba.